Kowa Sunansa Track 01

A Kakau, bakin titin Kaduna zuwa Abuja, direba zai cusa faifan CD a rediyon motarsa, allo ya ce "Track 01". Shata ne, Ɗan Maraya Jos ne, mawaƙan coci ne, duk sunansu ɗaya. Faifan abokinsa kuwa sunan waƙa har yawo yake a allo, alhali kuɗi ɗaya suka biya.

Laifin iyayen faifan ne. Da Philips da Sony suka tsara ƙa'idar CD a 1980, sauti suka zuba da lambar waƙa da tsawonta, suka watse ba a raɗa suna ba. Sai a 1996 aka zo da CD-Text, mai ɓoye sunaye a wani lungu na faifan. Shi ma sai mai kwafar faifan ya zauna ya rubuta, kuma rediyon ya iya karatu. Mai shagon da ke sauri kafin a ɗauke wuta, ina ya ga lokacin?

Kwamfuta kuma duba take yi. Takan ƙirga waƙoƙin, ta auna tsawonsu, ta tambayi rumbun Gracenote a intanet ko an san mai wannan siffa. Faifan da aka harhaɗa a shago ba wanda ya san shi a can. In kuwa tsautsayi ya sa awonsa ya yi daidai da na wani, sai ka ji kalangu na tashi, allo na rantsuwa wani Bature ne ke kiɗan fiyano.