Aska Takwas a Ƙirjin 'Yar Tsana

Shekara da shekaru ina ɗinki a Inugu, ba wanda ya taɓa zargina da tsafi sai da 'yar ƙanwata ta kawo mini 'yar tsanar roba daga kasuwar Ogbete.

"Kawu, ranar al'adu za a yi a makarantarmu. Ka yi mata shigar Malam Umaru Altine."

Basakkwacen nan take nufi, mai fataucin shanu, wanda ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Na ce, "Ke, wannan ai mace ce, ga gashi har gadon baya." Ta ce rawani zai rufe.

Babbar riga mai aska takwas, irin wadda maɗinkan Zariya kan shafe watanni suna yi wa aikin hannu, ita zan ɗora a ƙirjin da bai kai kwalin ashana ba. Keke ya ƙi, sai allura. Ta takwas ɗin ma ta rasa wuri, ta zagaya hammata. Rawani kuwa na yanko daga tsohon ɗan Kura na mahaifina, shi kuma baba ake buga masa har ya yi ƙyalli, duk abin da ya taɓa sai ya rine. Kafin in gama naɗi fuskar magajin gari ta yi baƙi ƙirin. Kan roba santsi gare shi, dole na kafe naɗin da allurai.

Ana haka aka ɗauke wuta. Na kunna kyandir, na ci gaba da ƙirga zare ƙasa-ƙasa. Daidai lokacin mai gidan hayarmu ta leƙo karɓar kuɗinta. Ta ga Bahaushe tsugune tsakar dare, ga kyandir, ga mutum-mutumi kansa cike da allurai, ga bakina yana motsi.

"Chineke!" Ko takalminta ba ta tsaya ɗauka ba.

Gari na wayewa ta dawo da fasto. Ina rantsuwa ina bayanin tarihi, shi yana yayyafa ruwa. Baba ya zubo, farar rigar ta koma shuɗiya, yarinya ta fashe da kuka.

Da la'asar wani mai sayar da kayan gyaran mota ya shigo shago, ya tura ƙofa, ya rage murya. Wai akwai wanda ya riƙe masa kuɗi a Onicha. Ya ce, "Malam, nawa ne na allura goma?"