A Ja Wa Inna Waya

A layinmu, idan ka ga an jingina tsani a bango ranar Asabar da hantsi, saurayi ɗaya a sama da guduma, ƙaninsa a ƙasa rungume da nannaɗaɗɗiyar waya baƙa, ba sai ka tambaya ba. Talabijin ta biyu ce ta shigo gidan, za a ja mata hoto da murya daga falo. Kafin la'asar maganar ta iso majalisa, kuma kowa yana da ta cewa, domin da wuya ka sami magidanci a cikinmu da bai taɓa yin wannan aiki ba, ko bai tsaya a kan wanda ya yi masa ba.

Abin da ke sa mu jan wayar nan a fili yake. Dikoda ɗaya ce a gida, kuma a falon maigida take. Inna tana can ɗakinta na ƙurya, gwiwa ta hana ta yawan tashi, ga shi tana son tafsiri da azumi, tana son ganin sallar tarawihi daga Makka. Ranar ƙwallo abokan maigida sun cika falo, matan gida ba za su ratsa maza su zauna ba. A gidan mai mata biyu kuwa zancen ya wuce nishaɗi, ya zama na adalci: in uwargida na kallon Daɗin Kowa a ɗakinta, to dole amarya ma ta gani a nata. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 na lura wayoyin nan sun ƙaru a bangwayen unguwa. Sayen dikoda ta biyu, da wani faranti ko wani kuɗin wata, ba kowa ke iyawa ba. Waya yadi ashirin da kawuna shida kuwa, ko mai ƙaramin ƙarfi zai daure ya saya.

Dattawan majalisa sukan ce mu yara ne a harkar. Su tun zamanin kaset suke yi, lokacin da bidiyo ɗaya ke ciyar da gida guda. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kuma a shekarun da suka biyo baya duk gidan da ya mallaki na'urar kaset sai ka ga siririyar waya ta fita ta tagar falo ta nufi ɗakin mata. Daga baya faifai ya kori kaset, dikoda ta zo ta zauna, amma ramukan nan uku na bayan na'ura suna nan yadda suke: rawaya na hoto, fari da ja na murya, fari hagu, ja dama. Sunan kawunan RCA, daga wani kamfanin rediyo na Amurka da ya fara ƙera su, mu dai jak muke ce musu.

Matsalar ita ce wayar da ke zuwa cikin kwali ba ta kai yadi biyu ba. Nan ne da yawa ke yin gaggawa. Mutum ya yanka ta biyu, ya samo wayar lasifika ja da baƙa, ko ragowar wayar lantarki da mai wayarin ya bari, ya murɗa bakin da bakin, ya naɗe da salatif, ya ce an gama. Hoto zai zo, ba a ce ba zai zo ba. Amma fuskar mai karanta labarai za ta fito da inuwa a gefenta, launi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, murya kuma ta taho da wani gurnani a ƙarƙashinta da ba ya tsayawa. Inna ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan, ana gani." Wannan haƙurin nata ne ya sa nake ganin bai kamata a yi mata aikin ganin ido ba.

Mai gyaran rediyo na bakin masallaci, wanda duk muke kira Oga, shi ya fi kowa iya bayanin dalili. Yakan ɗauki guntun wayar eriya ya feɗe ta a gabanka. A tsakiya ga jan ƙarfe guda ɗaya, farin roba ya lulluɓe shi, sannan wata 'yar takarda mai ƙyalli, sannan saƙar siraran zaruruwa ta kewaye su duka kamar yadda kube ke rufe wuƙa. Hoto ta tsakiya yake bi, saƙar nan ita ke tare masa hayaniyar lantarki daga waje. Kuma ramin rawaya an gina shi ne don waya mai om 75, wanda shi ne ma'aunin wayar eriya da ta faranti, RG59 ko RG6 da ake rubutawa a jikinsu. In ka sa wayar da ba ta dace da ma'aunin ba, wani ɓangare na hoton sai ya buga a ƙarshe ya dawo baya, shi ne inuwar da kake gani. "Alhaji," in ji shi, "wayar fitila wuta aka yi ta ta ɗauka, ba fuskar mutum ba."

Kallon Oga yana haɗa kai ɗaya abin sha'awa ne. Da farko sai ya zura murfin jak ɗin a jikin waya, tun kafin ya taɓa komai, saboda wanda ya manta da wannan sai ya warware aikinsa duka. Ya ɗauki reza ya zagaye fatar waje a hankali, bai kai faɗin ɗan yatsa biyu ba, ba tare da ya yanke saƙar ba. Ya tattara zaruruwan gefe guda ya murɗe su. Ya fere farin roban kaɗan har jan ƙarfen ya leƙo. Sai ya ɗora bakin ƙarfensa mai zafi, ya shafa wa kowane baki dalma tukuna, kana ya liƙa na tsakiya a kan allurar jak, saƙar kuma a jikin kunnen waje, ya matse da filaya. Bai taɓa rufe murfi ba sai ya ɗaga kan zuwa haske ya duba ko wani zare ɗaya ya kauce ya taɓa tsakiya, domin zare guda ya isa ya kashe hoto gaba ɗaya. Daga nan ya ɗauko mita: tsakiya da tsakiya ta yi ƙara, waje da waje ta yi ƙara, tsakiya da waje kuwa dole ta yi shiru.

Wurin sayen wayar ma akwai abin lura. Waɗanda suka saba shiga kasuwar Sabon Gari sukan tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, irin na tsohuwar lasifika. Ka kanga shi a bakin wayar. In ya kama, to ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Irin wannan tana yi wa faranti aiki, amma ga hoton ramin rawaya a tafiya mai nisa tsantsar jan ƙarfe ta fi, shi ya sa masu saka kyamarar tsaro ke nace mata. Saƙar ma sau da yawa ta gorar ruwa ce, fara sol, dalma ba ta kama ta ko ka kwana kana gasawa. In ita ka samu, kada ka wahalar da kanka: sa mata kan da ake murɗawa irin na wayar faranti, ka sayi ɗan mahaɗin da ke mai da shi jak. Murya ba ta da tsirfa haka. Wayar makirufo mai saƙa ta wadatar, kuma in talabijin ɗin ƙarama ce mai lasifika ɗaya, farin kai kaɗai ya isa, ka huta da jan waya ta uku.

Hanyar da waya za ta bi ita ce muka fi yin gardama a kai. Wasu sun fi son su ɗaure ta a jikin wayar lantarki da ta riga ta ratsa tsakar gida, wai aiki ya fi kyan gani. Kuskure ne. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan bugun ne ke shiga murya ya zama gurnani, ya shiga hoto ya zama faffaɗan layi mai hawa sama a hankali. A ba su tazara, in kuma dole su haɗu, su gitta juna su wuce. A kafa ta da kilif a ƙarƙashin indararo inda rana ba ta dukanta, sama da inda akuya ke kaiwa, kuma kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a kusurwa. Kafin ta shiga ramin bango a bar mata ɗan lanƙwasa zuwa ƙasa, don ruwan damina ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta har bayan talabijin. Gidajen da ɓera ya yi yawa a silin, gara a zura ta cikin bututun roba.

Akwai kuma masu raba ramin rawaya gida biyu da ɗan mahaɗi mai kai biyu. Da zarar an jona talabijin ta biyu sai hoto ya dushe a duka ɗakunan, saboda ƙarfin da aka tanada don ɗaya ne aka raba. Sauƙin da muka samu yanzu shi ne yawancin dikoda suna fitar da HDMI da ramukan nan uku a lokaci guda, sai a bar wa falo HDMI, a ba ɗaki na biyu rawaya da fari da ja. Tsofaffin na'urori kuma suna da ramin RF, wanda ke tura hoto da murya tare a waya guda zuwa ramin eriya, sai dai a sa talabijin ta nemo tashar. In babu ramin, akwai ɗan akwatin da ke yin wannan aiki. Ita HDMI kanta ba ta haɗuwa a kan benci. Allurai 19 ne a bakinta, Oga ma sai ya girgiza kai ya ce a sayo.

Abin da waya ba ta iya magancewa shi ne tasha ɗaya ce ke zuwa ɗakunan biyu. Abin da falo ke kallo shi Inna za ta kalla. Shi ya sa da magariba kake jin murya daga ƙurya: "Kai, je ka ce wa babanku ya mayar mana da wa'azi." Yaro ya ruga, ya dawo, a sake aikensa. Akwai 'yar na'ura da ke kai umarnin rimot daga ɗaki zuwa dikoda, amma gidajen da na ga sun zauna lafiya tsari suka yi: safiya da bayan isha'i na Inna, lokacin labarai na maigida, ranar ƙwallo a sanar tun da wuri. Wani maƙwabcinmu ya ce tun da aka ja wayar ya daina barin kowace irin tasha a kunne, don ya san mahaifiyarsa na gani. Ni wannan kaɗai ya isa ya sa in yaba wa al'adar.

Inda ba na goyon baya shi ne a tsallaka katanga da wayar. Tashoshin kyauta da sauƙi, amma dikoda ta kuɗin wata don gida ɗaya aka biya, kuma raba ta ga maƙwabta a karɓi wani abu shiga haƙƙi ne. Ga haɗari kuma: gida biyu, wuta biyu, wani na kan janareta wani na kan layi, waya ɗaya ta haɗa jikin na'urorinsu. Ko a cikin gida guda, wanda ya taɓa jak ya ji ɗan tsikari a yatsa ya san yawancin soket ɗinmu ba su da wayar ƙasa. Wayar faranti ma ba fanko ba ce, tana ɗauke da wuta bolt 13 ko 18 daga dikoda zuwa kan faranti, in tsakiya da saƙa suka haɗu ana iya rasa dikodar.

Don haka jama'a, duk wanda zai hau tsani wannan Asabar ɗin ya zare filogin dikoda da na talabijin biyun daga bango kafin ya taɓa waya, ya gwada ta a ƙasa kafin ya buga kilif ko ɗaya. In hadari ya taso da tsawa, a aiki yaro ya cire jak ɗin ɗakin Inna tare da na falo.