Wakilan Unguwa a Ƙasa Mai Tsarki

Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 aka saba cewa Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba, domin a kudancin kogin ne za ka gaisa da Alhaji a Makera ko Kakuri, ka hau Keke na 'yan mintuna ka gaisa da mai laƙabin JP a Narayi ko Sabon Tasha. Wancan ya je Makka da Madina ta hannun hukumar alhazai ta NAHCON da aka kafa a 2006, wannan ya je Urushalima da Baitalami ta hannun hukumar maziyartan Kirista ta NCPC da ta biyo baya a 2007. Alƙibla daban, addu'a daban. Sai dai duk wanda ya saurari labaran da ɓangarorin biyu ke dawowa da su na bas ɗin ziyara da teburin abinci da kasuwa, zai rantse fasinjoji ɗaya ne aka sauya wa tufafi. Dalilin a ganina shi ne, babu mutumin Kaduna da ke shiga wannan jirgi shi kaɗai. Kujera ɗaya aka biya, amma unguwa guda ce ke zaune a kanta, kuma yawancin halayen da ake yi wa dariya a tawaga halaye ne na ɗan aiken da aike ya yi wa yawa.

Uban tafiya shi ne Mai Takarda. Tun a sansanin alhazai na Mando, ko a harabar cocin da aka yi addu'ar sallama, ana gane shi da bayan ambulan da ya cika da sunaye: jallabiya ta suruki, carbi dozin biyu na 'yan sahun gaba, baƙar abaya mai duwatsu ta uwargida, da irinta sak ta amarya, domin bambancin dutse ɗaya ya isa a kwana ana shari'a. Takwararsa a bas ɗin Urushalima 'yar Zumuntar Mata ce, ta ɗauko sunayen mata arba'in, kowacce na jiran kwalbar man shafewa da ɗan gicciyen itacen zaitun na Baitalami. Jagora na tsaye a gindin Dutsen Uhudu yana bayanin yaƙin shekara ta uku bayan Hijira da kabarin Sayyidina Hamza, Mai Takarda na gyaɗa kai cikin ladabi, amma rabin idonsa na wajen masu tallar dabino, saboda mutum na goma sha bakwai ajwa ya ce yana so. Ana kiran wannan kwaɗayi, ni kuwa ban yarda ba. A duba takardar da kyau, sunan mai ita ba ya ciki. A 2015 gwamnatin Nasir El-Rufa'i a Jihar Kaduna ta dakatar da biya wa mutane kujerar ibada da kuɗin jiha, kuma ko kafin nan kujerar gwamnati ta 'yan ƙalilan ce. Ta sauran jama'a daga adashi take fitowa, da kuɗin sallamar aiki, da ɗan da ke Abuja, da gudummawar ikilisiya. Ranar tafiya kuma kowa ya zo ya cusa ɗan abu a hannu yana cewa, "Baba, a sha ruwa a hanya, a sa mu a addu'a." Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san askin da ke jiransa.

Kusa da shi a kujera akwai Malam Canji, wanda bai taɓa ganin farashi ya bar shi a harshen da aka rubuta shi ba. Riyal ne ko shekel ko dala, sai ya fito da waya ya mayar da shi naira, ya yi salati, ya sanar da bas baki ɗaya cewa kuɗin wannan kofin shayi zai yi cefanen yini a Kurmin Gwari. Yakan ƙi sayen ruwa ya haƙura da ƙishi, ya kuma ja wa mai shago rai na rabin sa'a a kan riyal biyu. Ba rowa ba ce tsagwaronta. Guzurin alhajin Najeriya a 2024 dala 500 ne, kuma wanda zai raba dala 500 tsakanin cikinsa da sunaye hamsin dole ya koma akawu.

A wajen cin abinci ne tawaga ke rabuwa gida biyu, kuma nan Hajiya Yaji ke mulki, wadda a ɗaya bas ɗin ake kira Mama kawai. Jakarta ta hannu kicin ce sukutum: yaji a robar man shafawa, ƙuli-ƙuli, dambun nama, garin rogo, da daddawa da aka naɗe a leda uku don kada ta tona asiri. Goro ne kaɗai ta bari a gida, shi ma don an yi ta gargaɗin cewa Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma har yau ba ta yafe ba. A otal ɗin bakin Tekun Galili za ta zagaya teburin da aka jera wa abinci kala talatin, ta leƙa zaitun, ta shinshina humus, ta yanke hukunci cewa mutanen nan ba su da abinci, sai kayan haɗi. Idan aka kawo kifin da ake wa laƙabi da na Bitrus, wanda kowace tawaga sai an kai ta ta ci, za ta juya shi da cokali ta ce, "Wannan ai karfasa ce," kuma gaskiyarta, karfasa ce, irin wadda ake soyawa a Sabo, sai dai an cire yaji an ƙara dala. A Makka ba ta wahala, domin cikin kwana biyu ta gano lungun da takari ke sayar da tuwo da miyar kuka. Kishiyarta a wannan fage shi ne Mai Faranti Biyu, wanda ya ɗaura niyyar ɗanɗana duk abin da aka ajiye, ya kuma bi dogon layin kazar Al Baik ba don yunwa ba, don kada a tambaye shi a majalisa ya ce bai ci ba. Labari ma tsaraba ne, kuma shi ne kaɗai ba a aunawa a filin jirgi. Masu yi wa Hajiya dariya da safe idan ta naɗe burodi da dafaffen ƙwai a hankici, su ne ke miƙo hannu da la'asar, lokacin da bas ya tsaya a inda babu ko mai shayi.

Mai Hoto ya fi kowa shan suka, kuma a nan dole a ba masu sukar rabonsu. Shi ne wanda bai ga Masallacin Ƙuba da idonsa ba, wayarsa ce ta gani. Shi ne ke kwance a kan Tekun Gishiri, sama da mita 400 ƙasa da doron teku, ruwa ya ƙi nutsar da shi, yana kiran gida ta WhatsApp yana cewa a kira Kaka ta zo ta ga ikon Allah. Malamai da fastoci na cewa wannan riya ce, mutum ya tsallaka ƙasashe don ya tsaya gaban Ubangijinsa sai ya ɓuge da gyara hula. Ba su yi ƙarya ba, kuma wanda ya ɗaga hannu yana addu'ar da ba ta fara ba sai da aka ce masa an shirya, ba ni da abin kare shi. Amma yawancin hotunan nan rasit ne. Tsohuwar da ta sayar da akuya ta ba da gudummawa ba za ta taɓa ganin Kogin Urdun ba, abin da za ta samu shi ne fuskar ɗanta a bakinsa, kuma za ta nuna wa duk wanda ya shigo gidan har wayar ta mutu.

Mutum ɗaya ne bai shiga wannan lissafi ba, wato Tsohon Hannu, mai zuwa na huɗu. Ya riga ya biya bashin unguwa tun zuwan farko, yanzu ba shi da aiki sai gyara wa jagora magana, da faɗin yadda wurin yake kafin a rushe, da raɗa wa na kusa cewa shagon da aka tsayar da bas a ƙofarsa akwai kamasho a ciki, shi ya san wani a bayan layi inda mai shagon ke jin Hausa. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, abin da ya sa ba a son zama kusa da shi ke nan.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta 'yan kasuwa, kuma a Kakuri ta fi ciwo. Suna cewa a juya abayar nan da carbin da agogon mai kiran salla a karanta gindinsu, daga Sin aka yo su, kuma akwai irinsu a Kasuwar Monday ko Kasuwar Gumi a farashin da bai kai ba. Unguwar da aka buɗe masaƙar KTL a cikinta a 1957, wadda ta tufatar da Arewa kafin ta rufe a 2002, yau 'ya'yanta ke kai dala ƙasar waje su sayo yadin da ba a can aka saƙa ba. Ta fuskar tattalin arziki babu amsa, hasara ce. Amma mai karɓar tsaraba ba inda aka ƙera ta yake tambaya ba, inda ta kwana yake so ya ji, da kuma cewa an tuna da shi a can. Hujja ita ce Mai Dabara, wanda ya gane haka tun tuni: ya sayi huluna da darduma a nan gida, ya ɓoye a ɗakin amininsa, ya dawo ya gauraya su da dabinon Madina ya raba. Ba a taɓa jin wanda ya mayar da hula ba. Abin da ba ya yarda a yi masa wayo shi ne zamzam, lita 5 kacal ga kowane alhaji, sai a raba shi a ƙananan kofuna kamar magani, kamar yadda Mama ke ɗiga ruwan Urdun a murfin kwalba.

Ranar awo ce ke tara su duka a layi ɗaya. Babbar jaka tana da iyakar kilon da aka yarda, kuma sikeli bai san suruki ba. Nan za ka ga dattijo sanye da jallabiya uku a zafin Jidda, da Hajiya da ta yi ƙiba cikin dare ɗaya, da Malam Canji yana lissafin ko bargo ya cancanci kuɗin ƙarin kaya, da Tsohon Hannu yana cewa ai ya faɗa. Bas kuma na tsaye ana jiran mutum ɗaya, Makararriya, wadda tun ranar farko ita ake jira a kowace tasha. Direba ya yi ham ya gaji, shugaban tawaga ya ƙirga kawuna sau uku, sai ga ta a guje da leda a hannu tana haki: "Ku yi haƙuri, Malam, 'yar maƙwabciyata ce na manta." Bayan kwana biyu za ta zauna a tsakar gida a Barnawa, jaka a buɗe, takarda a cinya, tana kira ana karɓa ana shi albarka, har jaka ta koma fayau. Daidai lokacin ne za a yi sallama a ƙofa, muryar ƙanwar mijinta ce daga Unguwar Romi, ta taho da yara huɗu.