Yadda Sunana Ya Koma Na Biyu a Maƙalata

Shekara shida na yi a kan matsayi ɗaya a jami'a, kamar an kafe ni da ƙusa. Duk lokacin ƙarin girma sai in haɗa takarduna in kai, a dawo mini da su da magana guda: maƙalunka duk na gida ne, nemo ko ɗaya a mujallar ƙasar waje. Ranar da shugaban sashenmu ya sake biya mini wannan karatu, na fito daga ofishinsa ina laluben fannin da zai fi sauƙin shiga. A nan ne Shaiɗan ya raɗa mini nazarin jinsi. Na ce a raina, ni da nake da uwa, da mata, da 'ya'ya mata uku, da ƙanne mata biyar, me kuma ya saura a sha'anin mata da ban sani ba?

Na zaɓi in yi rubutu a kan adashi da sana'o'in cikin gida na matan kulle. Na karanta abin da Polly Hill ta rubuta a 1969 game da ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, na bi aikin Enid Schildkrout a kan yara masu talla a Kano. Tun ban fita bincike ba na riga na yanke hukunci: abin da mata ke samu a ƙuli-ƙuli da awara da ɗinkin hula ɗan tallafi ne kawai a kan abin da maigida ya kawo. Saura in nemo hujja.

Na buga takardun tambayoyi guda ɗari, na sa babbar riga, na nufi unguwa. Gidan farko na tarar an rubuta "Ba Shiga" da gawayi a bakin zaure. Na biyu ma haka. A na uku maigidan ne ya fito da kansa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, kana nufin matata kake son gani ka tambaye ta kuɗinta? Ni ma da na aure ta ban samu wannan amsar ba." Na dawo gida da takarduna ɗari cif, babu wadda ta yi ciwon kai.

Da dare na lallaɓi uwargida. Ta karɓi takardar tana karantawa, sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Malam, 'Nawa kike samu a wata?' Wace mace ce za ta faɗa wa takarda abin da ko mijinta bai sani ba?"

Na ce, "Har ke?"

Ta ce, "Tuwonka zai huce."

Duk da haka ta taimake ni. Wata biyu tana shiga gidajen suna da na biki da wayarta tana naɗo hira. Takardun nan nawa masu cewa "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba" kuwa, tsohuwa ɗaya ce ta daure aka karanta mata, kuma duk tambayar da aka yi mata amsarta "Allah ya sa mu dace." Sauran na gan su daga baya an ƙunshe wa yara ƙosai a ciki. Na saurari hirarrakin sama-sama, na tsinci abin da ya yi daidai da hukuncina, na rubuta maƙala mai kalma dubu goma sha uku.

Sai na buɗe ƙa'idojin mujallar da na zaɓa. Kada a wuce kalma dubu takwas, har da manazarta. Tsakure kada ya haura kalma 150. Kwana uku na yi ina yankan maƙalata kamar mahauci ranar jajibere, kowace jimla na cire sai in ji kamar yatsana. Manazarta kuma sai a tsarin APA bugu na bakwai, wanda ya fito a 2019, alhali ni na shida na haddace. A sabon an daina rubuta garin da aka buga littafi, don haka na bi littafi sittin ɗaya bayan ɗaya ina goge Landan da Ibadan da Zariya.

Daga nan aka ce in ɓoye kaina. Mujallun nan mutum biyu suke bai wa maƙala su yi mata alƙalanci, ba su san ka ba, kai ma ba ka san su ba, dambe ne a duhu. Na cire sunana, na cire na jami'a, na shiga cikin fayil ɗin na goge inda kwamfuta ta rubuta sunan mai ita. Akwai wata tsohuwar maƙalata da na kafa hujja da ita sau bakwai. Ita ma na mayar da ita kamar ta wani baƙo, ina cewa "wani masani ya nuna". Har na ɗan ji daɗin kiran kaina masani.

Ranar aikawa, shafin mujallar ya ce sai na kawo lambar ORCID, wata lamba mai gurbi 16 da ake gane masu bincike da ita. Na je na yi rajista na dawo, ya ce lokacina ya ƙare, in faro daga farko. Na faro. Ina cikin ɗora fayil aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuwa ya daɗe da rasuwa. Na tafi shagon mai cajin waya, na zauna kan benci tsakanin janareta da mai rake, na sake ɗorawa. Da ya kai kashi casa'in da tara, data ta ƙare. Sai ƙarfe ɗayan dare, da wayar uwargida, saƙon ya tafi. Wannan a watan Janairun 2022 ne.

Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'a muka shiga yajin aiki, ba mu koma ba sai Oktoba. Albashi ya tsaya cak. Kullum da asuba, kafin in shafa addu'a, sai na leƙa shafin mujallar, kullum kuma abu ɗaya yake cewa: tana hannun alƙalai. A duk watannin nan takwas ba a taɓa fasa ɗora tukunya a gidana ba. An biya kuɗin makarantar yara, an yi ɗinkin Sallah, har rago aka yanka. In na tambaya, uwargida ta ce, "Rufin asirin Allah ne, Malam." Ni kuma in gyaɗa kai in koma ɗaki in sake karanta maƙalata mai cewa sana'ar mata ɗan tallafi ce, ina jinjina wa basirata.

Amsa ta zo a wata na goma: a yi gagarumin gyara a sake turowa. Alƙali na farko mutumin kirki ne, layi biyar ya rubuta, har da yabo. Alƙali na biyu kuwa, ko mace ce ko namiji Allah masani, shafi shida ya zubo.

Ya fara da cewa marubucin kamar yana shakkar bayanansa, domin ya ƙirga alamar tambaya sama da ɗari biyu a tsakiyar kalmomi. Na buɗe fayil ɗin da shafin ya sarrafa, sai na ga ta'asa. Duk wani harafi mai lanƙwasa ya rikiɗe. Ƙuli-ƙuli ya zama ?uli-?uli, kayan ɗaki sun koma kayan ?aki, ƙawa ta zama ?awa. Na biyu, ya ce na jingina da wata tsohuwar maƙala mai rauni wadda marubucinta bai fahimci batun ba, gara in nisance ta. Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. An zage ni a gabana, kuma ƙa'ida ta hana in ce ni ne.

Na uku, ya ce ban bambance jinsi na halitta da jinsi na matsayin da al'umma ke ɗora wa mutum ba, in je in karanta Joan Scott ta 1986 da Oyeronke Oyewumi ta 1997. Turanci kalma biyu gare shi a nan, mu kuwa "jinsi" ɗaya muke da ita tana ɗaukar kayan biyu. Oyewumi ta kafa hujja da cewa Yarabanci ba ya raba "shi" da "ita". To ni ina zan sa kaina, da harshen da rana mace ce, wata namiji, tukunya mace, murhu namiji? Na huɗu shi ne ya karya ni. Ya ce: marubucin ya bayyana ko shi wane ne a wajen matan nan, da yadda aka yi ya shiga gidajen kulle, da wanda ya yi hirar.

Na kwashi takardun na fito tsakar gida neman mai taya ni jaje. Uwargida na tuyar awara. Na fassara mata komai, ina jira ta ce Allah ya isa. Sai ta juya awararta ta ce, "Wannan na biyun ya san abin da yake yi."

Na ce, "Ke kin san ma me ake nufi da jinsi kuwa?"

Ta ce, "Malam, mai shayin bakin titi namiji ne ko mace? Mai tsire fa? Kukun otal fa? Duk maza ne, suna girki a waje ana biyan su, babu mai cewa komai. Amma kai da za a gan ka kana tuƙa tuwo a nan, kafin la'asar an kai wa Hajiya labari an shanye mata ɗa. Hannu dai iri ɗaya ne, wuta iri ɗaya ce. Mutane ne suka raba."

Sati biyu na yi ina fama da littattafan Turawa a kan wannan batu, ta warware mini shi tana riƙe da matsami.

Sannan ta goge hannu ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi mai bangon roba, duk ya sha mai. Ashe shekara tara ita ce uwar adashin unguwarmu. Mata ashirin da huɗu ke zubi a hannunta, ta san ranar kwasar kowa, ta san wadda za a matso wa da tata saboda haihuwa ko kayan ɗakin 'ya, ta san wadda ake bi a hankali don mijinta ya karye. Firjin da nake cewa yayanta ne ya ba mu, kwasarta ce. Ragon Sallar yajin aiki, kwasarta ce. Rancen da na karɓa a hannun ƙaninta har nake sunkuyar da kai in na gan shi, kuɗinta ne ta bi da su ta can don kada girmana ya zube.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya? Takarda ka ba ni."

Muka zauna muka sake sauraron hirarrakin tun daga farko, tana tsayar da ni tana cewa, wannan da ta ce "muna dai taɓawa", shanu biyu gare ta a ƙauye. Hukuncina ya kife. Na rubuta wa edita gaskiya, cewa ban taka ko zaure na biyu ba, matata ce ta yi hirar duka. Edita ta amsa cikin ladabi cewa wanda ya tattaro bayanai kuma ya yi fashin baƙinsu, a ƙa'idarsu marubuci ne, godiya a ƙasan shafi ba ta isa ba. Na so in yi gardama, sai na tuna da littafin Baba ta Karo da ke kan kantata. M. G. Smith ya zo bincike ƙasar Zazzau, amma matarsa Mary ce ta iya zama da Baba a 1949 da 1950 ta rubuta labarinta, kuma da littafin ya fito a 1954 sunan matar ne a bango. Shekara nawa ina koyar da littafin nan, ban taɓa zaton da ni yake ba.

Na koma shagon mai caji na buɗe wa uwargida tata lambar ORCID. Da aka zo jera sunaye na ce a bi tsarin shekaru. Ta ce a bi tsarin adashi, wanda ya fi zubi shi ke fara kwasa. Na duba, ban ga ta inda zan ɓullo ba.

An karɓi maƙalar bayan zagaye biyu na gyara, kusan shekara biyu da daren da na aika ta. Alƙali na biyu har ya yaba, ya ce yanzu an ji muryar wanda ya san gidajen, kuma ya ji daɗi da aka watsar da waccan maƙala mai rauni. Na kai wa kwamitin ƙarin girma ina taƙama, suka ce tunda mu biyu ne kuma sunana ne a baya, ba zan samu cikakken maki ba. Saura maki ɗaya da rabi, in dawo baɗi.

Watan jiya imel ya shigo wa uwargida daga masu shirya wani taro, suna gayyatar "Dakta" ta zo ta gabatar da jawabi, in da hali ta taho da mataimakinta. Ta ce za ta duba, don ranar ta faɗo daidai da kwasar wata mai aurar da 'ya.

'Yan'uwana malamai masu shirin rubutu a kan mata, kafin ku buga takardar tambayoyi ku fara zama a tsakar gidanku ku yi tambaya da baki, kuma ku jira amsa. Ni dai yanzu na shiga adashin, dubu biyar nake zubawa duk wata, kuma ni ne na ashirin da biyar a layin kwasa.