Uwargida Ta Je Ƙasar Waje

A gidan Kawu da ke Kutunku, cikin Gwagwalada, idan ka ji an ce Uwargida ba ta jin daɗi, kada ka yi gaggawar shiga ɗakin Hajiya da sannu. Mota ake nufi. Land Rover ce ƙirar 1969, mai launin da a da ake ce masa kore, wadda Kawu ya saya a gwanjo lokacin yana malamin gona, shekara biyu kafin ya auro Hajiya. Da wannan lissafi ya naɗa ta, kuma har gobe Hajiya ba ta yafe ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya yarda ya shige ta. Sitiyarinta a dama yake, don an shigo da ita tun Najeriya na tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, kafin a sauya hannu ranar 2 ga Afrilu 1972. Ƙasa duka ta juya, ita ta ƙi. Jikinta alminiyam ne, saboda lokacin da Turawan Ingila suka fara ƙera irinta a 1948 ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa ba ta tsatsa, sai dai lotsewa, ta kuwa lotse ta ko'ina. Giya ta ɗaya da ta biyu ba sa shiga sai an taka kuloci sau biyu an lallashe su. Safaya a kan bonet take zaune. Abin sanyaya ciki wasu 'yan murafu biyu ne a ƙarƙashin gilashin gaba, ka ɗaga su iska ta shigo tare da duk abin da ta kwaso. Waɗanda suka ƙera ta ba su da alhaki a abin da zan faɗa, domin makanikai sun shafe shekara arba'in suna yi mata dashe, har ana kyautata zaton kafiretonta na wata tsohuwar tasi ne.

A daminar 2018, cikin watan Agusta, aka aiko wa Kawu goron ɗaurin auren jikar wani amininsa a wani ƙauye bayan Madarunfa, a jihar Maradi ta Nijar. Ni malamin makaranta ne, ana dogon hutu, ba ni da hanzarin da zan kawo. Na dai gwada. Na ce mu hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, daga can mu shiga motar haya.

"Kai yaro, ƙasar waje fa za mu," in ji Kawu. "Mai mota a gida ya je ƙasar wasu a matse, gwiwa a haɓa? Me za a ce da mu?"

Na tuna masa halin da hanyar Kaduna ke ciki a lokacin, wajen Katari da Rijana, inda masu manyan motoci ma suka ajiye su suka koma jirgi. Ya dubi Uwargida, ya dube ni.

"Wanda ya tare motar nan, shi zai ba mu kuɗin mai."

Makanikinsa bai ba mu kayan gyara ba, yaron shagonsa ya ba mu sukutum, da buhu ɗauke da sifana, waya, sabulu, igiyar roba da wani katon itacen weji, wanda shi ne birkin hannun motar tun zamanin Babangida. Aka loda doya, manja da goro. Hajiya ta zauna a bencin baya na gefe tana fuskantar doya, ba ta ce wa kowa komai ba.

Mun tashi bayan asuba, hantsi ya same mu a Zuba. Nan muka tsaya shan mai, nan kuma sitata ta ce ta gama aiki. Yaro ya zaro wani ƙarfe mai lanƙwasa ya zura ta gaban motar, ya miƙo mini hannun. Na murɗa, na murɗa, 'yan tasha sun kewaye mu da wayoyi suna ɗauka, wani ma yana tambaya ko fim ake yi. Da ta tashi sai da tantabarun rufin gidan man suka watse. Kawu ya ce ai ka ji lafiyar inji.

Kujerata ita ce ta hagu, wato inda kowa a ƙasar nan yake sa ran ganin direba. Ban gane nauyin wannan muƙami ba sai da muka doshi wani shinge bayan Tafa. Na sunkuyar da kai, hannuna biyu cikin ledar dafaffiyar gyaɗa ina ɓara. Jami'in da ke tsaye ya hango mota tana nufo shi, direba bai ko kallon titi, ba kuma sitiyari a gabansa. Bawan Allah ya yar da sandarsa ya tsallaka kwata. Da muka tsaya ya dawo yana haki, ya leƙo ta tagata, ya duba ƙasa, ya duba sama.

"Oga, ina sitiyarinka?"

Kawu ya ɗaga hannu daga can gefe ya ce, "Yana wajena, ɗana." Daga nan har iyaka, duk shingen da muka zo ni ake tambaya lasin, ni kuma in nuna dama da ɗan yatsa.

Gab da Jaji hayaƙi fari ya turnuƙe daga ƙarƙashin safaya. Lagireto ya huje. Yaro ya leƙa, ya ce sabulu ba zai riƙe ba, ɗanyen ƙwai ake so, a fasa a ciki, zafin ruwa ya dafa shi ya toshe ramin. Muka dubi gabas da yamma, ba gida ba mai shayi. Muna cikin wannan sai muka ji ƙorafi daga ƙarƙashin bencin da Hajiya ke kai. Kazar maƙwabciyar Kawu ce, wadda ashe ta daɗe da mayar da wurin ɗakin haihuwa, ta biyo mu tun daga Kutunku ba da saninta ba. Ƙwai har huɗu. Aka fasa biyu, ɗigo ya tsaya, muka ci gaba cikin ƙamshin da ba zan so wa maƙiyi ba. Hajiya ta ɗebo tsaba ta watsa wa kazar, ta ce ita kaɗai ce ta zo da abin amfani. A Zariya muka kwana, inda motar haya ke tsayawa sallar azahar.

Daga Kano zuwa Katsina titi ya zama falle ɗaya, aikina ya ƙaru. Kawu ba ya ganin abin da ke tahowa idan yana bayan babbar mota, sai ni in leƙa in ce "shiga" ko "koma". Na ɗauki aikin da muhimmanci, amma tsakanin Bichi da Kankiya abin da muka iya wucewa amalanken shanu ne, shi ma da ya ga mun tsaya ƙara ruwa ya sake wuce mu, mai shi ya yi mana sannu. Wajen Charanchi hadari ya haɗo. Waifar ɓangaren Kawu tana aiki idan ta ga dama, tawa kuwa da hannu ake kaɗa ta daga ciki. Rufi ya fara yoyo daidai kan Hajiya. Ta buɗe jaka, ta fito da lema, ta buɗa a cikin mota, ta ci gaba da jan carbi. Ashe ta san kishiyarta fiye da mu duka.

Ta Jibiya muka fita, muka shiga ta Ɗan Isa. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, yarjejeniyar 1979 ta ɗauke mana biza, sai katin rigakafin shawara, katin inshora mai ruwan ƙasa, da takardar shigar da mota ta ɗan lokaci. Kawu ya zo da su duka a cikin wani tsohon fayil ɗaure da zare. Jandarman da ya karɓa ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya karanta shekarar ƙira, ya yi lissafi da yatsu, ya ce ta girme shi nesa ba kusa ba, ya ƙame ya sara mata. Sai kaza ta leƙo.

"Alhaji, wagga hwa? Tana da takarda?"

"Makanikiya ce," in ji Kawu.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga mana sanda. A bakin hanya Hajiya ta tsaya sayen fura, mai furar ta ce dala arba'in. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce ita ba daga Amurka take ba. Sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani cewa a can sefa biyar-biyar ake ƙirgawa, kuɗin furar sefa 200 ne. Ta biya, amma ta ce duk da haka da tsada.

Mun yi kusan kilomita 700 a kan kwalta, Uwargida tana tari, tana zazzaɓi, tana ƙara kamar ana dakan sakwara a cikin garwa. Da muka saki kwalta muka nufi wajen Madarunfa, garin tafkin nan da ake cewa waliyyai 99 na kwance kewaye da shi, sai ta yi shiru. Yashi, laka, kwazazzabo, duk ta bi ta kansu ba gardama. Na fara zargin cewa duk tsawon shekarun nan ba ciwo ke damunta ba, titi ne ba ta so.

Kafin ƙauyen akwai ƙorama da ke zuba cikin Gulbin Maradi, ta cika ta batse da ruwan daren jiya. A bakinta motocin 'yan ɗaurin aure ne jere, na Maradi da na Katsina, sababbi masu sheƙi, masu su tsaye da manyan riguna a kafaɗa suna kallon ruwa. Wani dattijo ya ce mana kada mu yi wasa da ruwan ƙasar nan, Gulbi ne ya cinye tsohon garin Maradi a 1945 har aka koma tudu. Kawu ya saurara da ladabi. Sannan ya sa yaro ya sassauta fanbel, ya naɗe wayoyin fulogi da leda, shi kuma ya kama wata sanda mai jan kai kusa da giya ya ja ta baya. Wannan ce ke sa ƙafafu huɗu duka su ja da ƙaramar giya. Uwargida ta sa kai cikin ruwa a hankali, ruwa ya shigo ta ƙofa ya fita ta ɗaya ƙofar, Hajiya ta ɗage ƙafa, kaza ta hau kan doya. Muka fito a tsallake ana ta kabbara a bayanmu.

Wanda ya nuna yana da jirgi a bakin ruwa ya sayo wa kansa aiki. Muka sauke doya muka koma. Muka kwaso liman da almajiransa, muka koma muka kwaso buhunan shinkafa, muka koma muka kwaso abokan ango da turarensu. Alhazan da ɗazu suke kallon motar suna murmushi yanzu suna rige-rigen bencin baya, ni kuma na zama kwandasta, ina cewa a matsa a gyara. Kawu bai taɓa yin farin ciki irin na ranar ba. A sahun ƙarshe aka ɗauko waliyyin ango da sadaki a aljihunsa, wuri ya ƙare, aka ce yaro ya jira a wancan gefe. Ya jira, da wejinsa a hannu.

Birkin irin wannan mota idan ya sha ruwa sai ya bushe yake kamawa. Filin ɗaurin auren kuma yana ƙasan ɗan gangare. Kawu ya cire giya don ya tsaya, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi ba ta tarar da kowa ba. Ya nemi mayar da giya, ita kuma ba a yi mata gaggawa. Haka muka gangaro cikin taro da saurin mai tafiya masallaci. Ban taɓa ganin haɗari mai natsuwa irin wannan ba. Mutane suka tashi, suka naɗe tabarmi, suka kwashe takalma. Liman ya rufe littafinsa ya matsa gefe. Wani tsoho har ya koma ya ɗauko butarsa. Yara na tafe a gefenmu suna yi mana barka da zuwa, Kawu na ɗaga musu hannu ɗaya, ɗayan yana kan ham ɗin da ba ya kuka. Muka ratsa fili, muka kwantar da danga, Uwargida ta je ta sa goshi a jikin wani rumbun gero ta tsaya. Jinkar rumbun ta zamo ta zauna daram a kan safaya. Maroƙi bai ɓata lokaci ba, ya ɗaga murya: "Alhajin Abuja ya iso!"

A nan gefen motar aka sake shimfiɗa tabarmi aka ɗaura aure, waliyyin ango yana miƙa sadaki hannu na rawa. Kawu ya nemi mai rumbu don ya biya ɓarna. Mutumin ya ce shi ba ya son ko dala, amma tunda Allah ya kawo mota, akwai kayan ɗakin amarya da za a tsallakar gobe. Jibi kuma ranar kasuwa ce. Akwai wata mai ciki da ake so a kai asibiti kafin ruwa ya ƙaru. Maigari ya zo da kansa ya ce ai baƙo ba ya tafiya da damina.

Ni da Hajiya da kaza a motar haya muka dawo, gwiwa a haɓa, muka kuma iso Gwagwalada ba wanda ya nemi lasin a hannuna. Kawu da yaro sai da aka yi kaka suka dawo, da buhun gero, buhun wake da rago ɗaure a baya, lagireto ya ci ƙwan da ba a san adadinsa ba.

Shekara na zagayowa aka aiko cewa amarya ta haihu, ana gayyatar Alhajin Abuja suna, da motarsa. Kawu ya sa aka wanke Uwargida, ya sayo sabon weji, ya aiko a tambaye ni yaushe za a ba mu hutu. Ana cikin haka, a watan Agustan 2019, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Hajiya, wadda ban taɓa jin ta yabi wata gwamnati ba, ta sa aka dafa shinkafa da wake aka raba wa almajirai.