Sannu da Aiki, Gimbiya Sabuntawa

Ranki ya daɗe, Gimbiya Sabuntawa, mai shiga gida ba sallama, mai tarar da kwamfuta lafiya lau ta bar ta a kwance. Daga Mai Wurno zuwa Sinja, daga ƙauyukan Jazira har Damazin da Rusairis, duk inda wani saurayi ya haɗa ɗan situdiyo a zauren gidansu an san sunanki, kuma ba da ƙaramar murya ake kiransa ba. Mun gode da kulawa. Mutanen da ake mantawa da su ranar rabon makaranta da asibiti, ke ba ki taɓa mantawa da su ba. Ko shabaka, wato intanet, ta leƙo ta minti goma ce, sai kin samo hanya kin iso.

Dole a yaba miki kan iya zaɓen lokaci. Ga yaro ya sayi kwamfutar cinya ta hannu a kasuwar Madani, ya haɗa da akwatin sauti mai ramuka biyu, ya jingina tsohuwar katifa a bango don ta sha amo, ya sa wa makirfo safa saboda iskar baki. Batirin sola ne ke riƙe da komai. Dangin ango sun ba shi aikin waƙar biki, da sunan uwar amarya da na gwaggonninta a jere, ya kwana biyu yana ɗora murya kan kiɗan da ya buga a organ. Saura ya tura wa abokin ango ya ji. Ya jona waya, shabaka ta kama, ke ma kika kama. Allo ya ce kada a kashe kwamfuta, yana ƙirga kashi cikin ɗari, batiri kuma yana nasa ƙirgen. Da gari ya waye fitilar akwatin sauti tana ci, amma kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Direban da ke haɗa su, wato 'yar manhajar da kamfani ya rubuta shekaru da suka wuce, bai dace da sabon tsari ba, kamfanin kuwa ya daɗe da daina waiwayar wannan samfurin. Kawun ango ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ɗana, jibi ne fa ɗaurin aure." Yaro ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Ina wani malamin da ya isa ya koya wa matashi haƙuri da ladabi cikin dare ɗaya in ba ke ba?

Kuma aikinki ba na wasa ba ne, a rubuce yake da kwanan wata. A watan Oktoban 2019 Apple ya fitar da babbar manhajarsa Catalina, ta daina buɗe duk wata manhaja ta tsohon gini mai bit 32, har kamfanonin kayan kiɗa suka riƙa aika wa masu sayen kayansu gargaɗi cewa kada su kuskura su sabunta tukuna. Ina aka taɓa jin alherin da masu kawo shi ke roƙon mutane su guje masa? Bayan shekara guda, a Nuwamban 2020, aka sauya ƙwaƙwalwar kwamfutocin zuwa M1, aka sake sabon lale. A nan Jazira ba kowa ke da Apple ba, shi ya sa muka fi jin daɗin kyautar Microsoft. Windows 7, wadda rabin situdiyon talakawa suka girma a kanta, an janye mata tallafi ranar 14 ga Janairun 2020. Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da sharaɗin sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance ta baya-bayan nan. Sai ranar 14 ga Oktoban 2025 aka sallami Windows 10. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki. Lafiyarsu ƙalau, allonsu na haske, fankarsu na juyawa. Laifinsu kawai an ƙera su da wuri. Kuma irinsu ne ake lodawa a kwantena a kawo mana, mu saya da kuɗin auduga da na dawa.

Adalcinki ma abin a jinjina ne, domin ba kya bambanta mai shi da marar shi. Abin da kike nema a wurin mai situdiyo a Landan, shi kike nema a wurin ɗan kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gona, da ke bakin magudanar ruwa: wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai ɗaukar gigabait biyar ba tare da ya yanke ba, asusu, da katin banki da duniya ta yarda da shi. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925, wadda ta haifi gonakin Jazira, da ta Rusairis ta 1966, duk a kan Shuɗin Nilu suke, a ƙofar gidanmu, amma wuta baƙuwa ce mai zuwa ta tafi. Sudan ta yi shekara ashirin cikin takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, lokacin da ko mutum na da kuɗinsa a hannu shafukan kamfanoni da yawa rufe masa ƙofa suke yi da zarar sun ga daga Sudan yake. A haka aka saba da manhajojin haɗa kiɗa, FL Studio da Cubase, na kwafe, daga filashi zuwa filashi. Yau a zo a ce wa mai irin wannan kwafe ɓarawo ne, ya shiga sabon tsari ya biya. Madalla da wannan tarbiyya.

Sai yaƙi. Ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disamban shekarar, aka yanke sadarwa a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024, Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni. Kafin wannan ma, Hausawan Shuɗin Nilu sun binne 'yan'uwansu a rikicin Yuli da Oktoban 2022, dubbai suka bar gidajensu. Mutane na biyan kuɗin sa'a guda a gindin faifan Starlink don su ji ko mahaifiyarsu na raye, ko su karɓi ɗan abin da wani ya turo ta manhajar banki ta Bankak. A cikin wannan hali ne agogonki ya ci gaba da bugawa daidai, bai yi jinkirin daƙiƙa ba. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Android da ba su kai ta biyar ba, alhali ta nan ake tura waƙa da madihu da sanarwar rasuwa. Kamfanin Steinberg na Hambug, mai Cubase, ya bar tsarin ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta tun fitowar Cubase 12 a 2022, sannan ya rufe hidimar tsohon tsarin baki ɗaya a Mayun 2025. An ba da wa'adi kowa ya hau intanet ya koma sabo. Wanda ya yi wa'adin nan yana tafe a ƙasa da yara a kafaɗa, ko yana kwance a ajin makarantar da aka mayar sansani a Gadarif, ai shi ya so.

A nan gatse ya ƙare mini, domin abin yana ci mini rai. Ba wanda ya ce kada a toshe ɓarakar tsaro. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta shiga kwamfutocin da ba a gyara ba, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Amma a wannan makon ne Microsoft ya fitar da gyara ga Windows XP, wadda ya sallama tun Afrilun 2014. Ashe ana iyawa in an ga dama. Kuma da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka matsa a 2025, an ba mazauna can ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro a Windows 10 ba tare da sharuɗɗan da aka gindaya wa saura ba. Sauran duniya kuwa, aka ce ko ka biya dala 30, ko ka tara makin kamfanin, ko ka yarda a kwashe saitunanka zuwa rumbunsu na intanet. Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020 saboda rage wa tsofaffin wayoyi gudu ta hanyar sabuntawa ba tare da sanar da masu su ba. Mai gwamnatin da ke tsaya masa ana jin maganarsa. Mu garin gyaran gira ake tsone mana ido, kuma ba kotun da za mu kai ƙara.

Duk mai cewa ci gaba ne ya tilasta haka, ya juya bayan organ ɗin da ake kiɗan biki da shi ya dubi ramin nan mai ƙusoshi biyar. MIDI ke nan. A Janairun 1983 aka fara nuna shi a Kalifoniya, bayan Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan da wasu abokan hamayyarsu sun amince da yare guda da kayan kiɗa za su riƙa magana da juna, kuma suka bar shi kyauta ga kowa. Fiye da shekara arba'in ke nan, Yamaha ta zamanin kakanni tana jin maganar Korg ta bana da igiya guda. Kamfanoni ne suka yi wannan, masu neman riba kamar na yau. Sun zauna ne kawai suka yanke cewa abin da mutum ya saya jiya kada ya mutu gobe.

Abin da ke salwanta ya wuce kuɗin biki guda. Hausawan nan na Jazira da Shuɗin Nilu jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903, da jikokin alhazan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, da waɗanda suka zo tsinkar auduga. Sun ba Sudan A'isha Falatiya, wadda muryarta ta fita a Rediyon Omdurman tun shekarun 1940 lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa a fili, ta yi da Larabci ta yi da Hausa. Amma waƙar daka, da ta aikin gona a hawasha, da bege na daren Maulidi, da Hausar nan tasu da ta sha ruwan Larabci, ba wata hukuma da ke bin ƙauye-ƙauye tana adana su. Ma'ajinsu shi ne faifan cikin kwamfutar yaron zaure. Kuma aikin situdiyo ba kamar kaset yake ba, da za ka sa a kowane rikoda ya yi magana. Fayil ne da ke neman manhajar da ta haife shi, ita kuma tana neman 'yan ƙananan manhajojin gyaran murya da aka yi amfani da su, su kuma suna neman babbar manhajar zamaninsu. Ɗaya ya kuɓuce, muryar tsohon da aka ɗauka shekara goma da suka wuce tana nan a warwatse cikin faifai, sai wanda ya san hanya ne zai iya tattaro ta, tsohon kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

To, ranki ya daɗe, mu koma ga yabo, tunda kin koya wa yaranmu dabarun da ba a koyarwa a Jami'ar Jazira. Sun koyi cewa kwamfutar aiki ba ta kusantar shabaka, wasu har cire mata katin wayales suke yi. Sun koyi ajiye tsohon direba a filashi biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a wurin inna. Masu wayo a cikinsu suna fitar da kowace murya da kowane kiɗa daban-daban a fayil ɗin WAV kafin su rufe aiki, domin shi kowace na'ura tana buɗe shi. A Kano ma, masu ɗakunan kiɗan finafinai sun san wannan karatun.

Saura 'yar buƙata da talakawanki ke miƙawa, in an yarda talaka ya yi magana a fada. A raba gyaran tsaro da sauyin gini, wanda ke son na farko kada a ɗora masa na biyu. A bar wa mutum maɓallin da zai ce a'a, kuma a'ar ta zauna. Manhajar da aka saya a iya yi mata rajista ba tare da intanet ba. Kamfanin da ya gaji da wani akwatin sauti, ya ga ba zai ƙara rubuta masa direba ba, ya saki bayanan ƙirarsa a fili, domin a cikin yaran da suka gudu Kasala da Fatsudan da Alƙahira akwai waɗanda suka karanci kwamfuta, kuma za su iya rubutawa da kansu.