Masu Noman Gansakuka a Falon Abuja

Daga Abuja zuwa bakin teku a Legas tafiyar yini guda ce a mota, amma hakan bai hana wasu mutanen Maitama da Asokoro ɗauko tekun su girke shi a falo ba: akwatin gilashi, ruwan gishiri, duwatsu, da 'yan kifaye masu launi kamar yara ranar sallah. Mako biyu ana ta sambarka. A na uku gilashi ya fara yin ruwan ƙasa, can kuma kore shar ya biyo baya. Gansakuka ta sauka, kuma ita ce ke tona halin mai gida.

Akwai Alhaji Ba-Jira. Asabar aka kawo akwati, Lahadi ya zuba kifi goma. An ce masa sabon ruwa yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su zauna, ya ce ko bizar Saudiyya ba ta kai haka ba. Sauri ya haifi nawa, yanzu sai ya leƙa ta sama yake ganin kifinsa.

Hajiya Mai Tausayi ta fi ba ni dariya. Kifi na buɗe baki, ita kuma ta ce, "Wayyo, bayin Allah, yunwa suke ji!" Sau biyar take ciyarwa, da ƙari in ta yi baƙi. Abincin da kifi bai cinye cikin minti biyu ba ruɓewa yake a ƙasa ya zama naitiret da fosfet, dangin abin da ke cikin buhun takin NPK. Wato Hajiya gona ta buɗe, ga taki ga ban ruwa, sannan tana mamakin yabanya ta yi kyau. Laifin kuwa kullum na 'yar aiki ne.

Sai mai son a gani. Shi bakin taga ya ajiye nasa don na waje ma su shaida, fitila kuma ba dare ba rana, alhali awa 8 ta wadatar. In aka ɗauke wuta zai tada janareta don fitilar, ya manta da famfon da ke juya ruwa.

Malam Tsumulmula ya yi lissafi: ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, akwatinsa lita 200, ke nan kilo 7. Da ya ji kuɗin gishirin da ake haɗawa musamman, sai ya nufi kasuwar Wuse ya auno na miya, ya kira mai ruwa da kurarsa. Gishirin girki ba shi da sauran sinadaran teku, ruwan burtsatse kuma yakan zo da silika, abincin gansakuka mai ruwan ƙasa, shi ya sa masu abin suke amfani da tataccen ruwa. Da hunturu ya shanye ruwan, sai ya ƙara mai gishiri, bai san gishiri ba ya bin iska ba. Ɗanɗana ka ji, kamar za a jiƙa kilishi.

Mai tsaftar tsiya ba ta da dogon labari. Ta kawo Omo da Hypo ta dirje komai. Bayan wata guda gansakuka ta dawo, kifin dai har yau.

Farfesan YouTube kuwa zai tsare ka awa guda da kwalaben gwaji yana karanta maka lambobi, ya sayi na'ura uku daga Dubai, kuma nasa akwatin ya fi na kowa kore. Maƙwabcinsa da ba ya cewa uffan, kashi 10 cikin 100 na ruwan yake canzawa duk mako, ya zuba 'yan dodon koɗin teku suna lashe gilashi, ya bar lokaci ya yi sauran. Ba wanda ke tambayarsa, don amsarsa ba ta da tsada.

Wanda na fi so shi ne maigadi, mutumin Yawuri, ɗan masunta. Ya daɗe tsaye yana kallon kifin da bai kai yatsa ba, ya ji kuɗinsa, ya yi salati.

"Ranka ya daɗe, yaushe za su isa ci?"

"Ba a cin su, Baba, na kallo ne."

"To ai ba a ganin su. Da kuɗin guda ɗaya sai in je kasuwar Kado in ciko maka bokiti da tarwaɗa. Ita ko a kwata ka sa ta, godiya za ta yi."